Hattara da filayen garaɓasa a hanyar Abuja zuwa Keffi

Duk mai aiki a Abuja da ke kwana a Mararaba, Ado, Masaka ko Auta Balefi ya san abu biyu: cunkoson safiya a Nyanya, da ƙarin kuɗin haya duk shekara. Waɗannan biyun su ne jarin 'yan damfarar fili. Sun san ma'aikaci ya gaji da haya, sun san idan ya ji an ce fili ya yi araha hankalinsa zai tashi, sai su zo masa ta nan.

Tallar takan zo ta WhatsApp ko Facebook. Hoton ƙofar estet da aka zana a kwamfuta, kwalta sumul, fitilu a jere. Fuloti 50 da 100, a biya kaɗan-kaɗan cikin wata shida ko shekara, garaɓasa za ta ƙare ranar Juma'a, wanda ya biya gaba ɗaya yana da buhun shinkafa. Ranar Asabar a cika bas a kai mutane kallo. Abin da za ka tarar shi ne daji da katafila ta share gabansa, allo mai sunan kamfani, da ƙofa a tsaye ba katanga. Za a nuna da hannu a ce "daga nan har bakin bishiyoyin can namu ne". Ka sayi fom, ka fara zubi, a ba ka rasit da wata takarda mai lambar fuloti. Lambar nan a takarda kawai take. Ba wanda ya kai ka ya tsayar da kai a kan kusurwa huɗu ya ce ga naka.

Akwai kamfanonin da ke aikinsu tsakani da Allah, kuma su ma haka tallarsu take. Shi ya sa kallon talla ko kyan ofis ba ya raba gaskiya da ƙarya. Abin da ke rabawa shi ne a ɗauki takardar da aka ba ka, da ƙasar da aka nuna maka, da abin da ke rubuce a ofishin filaye na gwamnati, a ga ko ukun sun yi daidai.

Cutar da ta fi yawa ba ta ma buƙatar takardar jabu. Kamfani zai je wurin iyalin da ke da gonar, ya ba da kafin alƙalami, ya yi alkawarin cika sauran nan da wata kaza. Daga nan ya fara sayarwa, da niyyar biyan masu gona da kuɗinku. Idan ciniki ya yi sanyi, ko mai kamfani ya karkatar da kuɗin, masu gona su gaji da jira su sayar wa wani. Ranar da ka kai yashi da bulo sai matasan gari su tsayar da motar, kuma a gaskiya su ke da hujja, don ba a gama biyansu ba. Rasit ɗinka na nuna kamfani ya karɓi kuɗinka ne kawai, ba ya nuna kamfani ya mallaki abin da ya sayar maka.

Ta biyu ita ce sayar da fulotai fiye da abin da ƙasar za ta ɗauka. Wannan lissafi ne da kowa zai iya yi a wayarsa. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 kusan murabba'in mita 465 ne, ko da yake yawanci mita 15 da 30 ake yankawa, wato 450. Idan ba a bar hanya ko ɗaya ba, hekta za ta ba da fuloti 22. Idan aka cire kashi ɗaya cikin huɗu don tituna da magudanan ruwa, abin da ya rage bai kai fuloti 17 ba. To kamfanin da takardarsa ta ce hekta 5, amma lambar fulotinka ta ce 214, ka tambaye shi ina sauran ƙasar take. Ko dai mutum biyu ko uku ke riƙe da fuloti ɗaya, ko an cinye hanyoyi, ko kuma an shiga gonar maƙwabta.

Sai tarkon da ke cikin fom. Bayan ka gama zubi za a fito da kuɗin raya wuri, kuɗin safiyo, kuɗin takardu, kuɗin kusurwa idan fulotin na bakin kwana. Wani lokaci jimlarsu ta kusa kamo kuɗin filin. A ƙananan rubutu kuma akwai sharaɗin cewa idan ka makara da biya, ko ba ka fara gini cikin wa'adi ba, za a mayar da kai wani wuri ko a karɓe fulotin, kuma idan ka nemi kuɗinka sai an cire kaso mai tsoka, bayan watanni. Ka nemi jimlar duk abin da za ka biya, a rubuce da sa hannu, kafin naira ɗaya ta fita.

Yanzu batun iyaka, wanda nan ne mutane masu ilimi ma ke faɗawa. Karu biyu ce: akwai ta cikin Birnin Tarayya, akwai ta jihar Nasarawa. Karshi ma haka. Nyanya, Jikwoyi, Kurudu da Orozo na cikin Birnin Tarayya. Mararaba, Ado, Masaka da Uke na ƙaramar hukumar Karu ta Nasarawa. Dillali zai ce maka "Abuja ne" idan yana son tsada, ya ce "Nasarawa ne" idan ka tambayi takardar minista. Bambancin ba na suna ba ne. A Birnin Tarayya, tun dokar 1976 da ta kafa shi, ƙasa ta gwamnatin tarayya ce, kuma Ministan Birnin Tarayya ne kaɗai ke ba da fili. Sarki, hakimi ko mai unguwa ba su da ikon sayarwa, kuma kotuna sun sha yanke hukuncin cewa ƙananan hukumomin birnin ma ba su da ikon rabawa. Wanda ya sayi filin sarki a can ya yi gini, yana zaune ne da jiran jan fenti da motar rusau. Bincike a can a AGIS ake yin sa, wato ofishin da ke riƙe da rajistar filayen Birnin Tarayya. A ɓangaren Nasarawa kuwa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ce ke aiki: ƙasa na hannun gwamna, shi ke ba da takardar mallaka a yankunan da aka ayyana a matsayin birni, kuma hukumar jihar da ake kira NAGIS ce ke riƙe da rajistar filaye. Idan an ba ka takardar ƙaramar hukuma, a NAGIS za ka tambaya ko tana da ƙarfi a wannan wurin.

Abin da ya kamata a yi, bi da bi, bai da wuya, haƙuri kawai yake so.

Ka ɗauki safiyo naka, mai rajista da SURCON, hukumar da ke yi wa masu safiyo rajista, ba na kamfani ba, ba kuma wanda dillali ya kawo ba. Ya je da na'urarsa ya ɗauki lambobin da ke nuna a taswira inda kusurwa huɗu na ainihin wurin da aka ce naka ne suke. Ya duba duwatsun safiyo da ke ƙasa, ya karanta lambar da ke jikin kowanne, ya gwada da wadda ke kan taswirar da aka ba ka. Dutse sabo fil a tsohon awo abin tambaya ne, don dutse ana tone shi a matsar cikin dare. Kada ka dogara da lambobin da wayarka ta nuna: taswirorin awo da yawa a Najeriya a kan ma'aunin Minna aka yi su, waya kuma da wani ma'auni take aiki, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta isa ta tsallakar da kai fuloti da yawa.

Da waɗannan lambobi da kwafin takardar mai sayarwa, lauyanka ya nemi bincike a hukumance, a biya kuɗin a asusun gwamnati, a karɓi rahoto a rubuce. Rahoton zai faɗi sunan da ke kan fayil, girman filin, abin da aka ware shi don shi (gida, gona ko kasuwanci), ko an jinginar da shi a banki, ko an soke shi, ko akwai ƙorafi a kansa. Abin lura shi ne takarda na iya zama ta gaskiya amma ta wani wuri ce dabam. 'Yan damfara kan nuna takardar mallaka mai kyau ta wani fili, su kai ka wani. Lambobin safiyonka ne ke kama wannan. Haka nan idan takardar ta gona ce, ba a mayar da ita ta gidaje ba, izinin gini zai yi wuya. Idan aka ce maka "C of O na kan hanya", wato takardar mallaka ta gwamnati, ka nemi lambar fayil ka bincika da kanka. Mai sayarwar da ya hana kwafin takarda don bincike ya riga ya ba ka amsa.

A duba bashin harajin ƙasa ma. A 2025 hukumar Birnin Tarayya ta soke takardun filaye fiye da 4,000 saboda shekarun da aka kwashe ba a biya ba, kuma bashi irin wannan yana bin filin zuwa hannun sabon mai shi.

Rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, tana nuna kamfani na nan a raye, ba ta nuna yana da fili. Amfaninta shi ne ka ga sunayen daraktoci, ka tabbata wanda zai sa hannu yana da ikon sa hannu.

Idan daga hannun 'yan gari za ka saya kai tsaye, ka san cewa yawancin gonakin yankin na iyali ne. Cinikin da wani ɗan gida ya yi ba da shugaban iyali ba, a doka ba ciniki ba ne. Wanda shugaban ya yi shi kaɗai ba da yardar manyan gidan ba, ana iya rushe shi a kotu. Filin gado kuma a nemi takardar rabon gado daga kotu, ko duk magada su sa hannu, har da mata da waɗanda ke nesa. Ƙanin da ke Legas ko 'yar'uwar da ke aure a wani gari su ne ke dawowa bayan shekara biyar da sammaci. Hatimin mai unguwa shaida ce mai amfani, amma ba mallaka ba ce, kuma an sha ganin fili ɗaya da takardu biyu masu hatimi iri ɗaya. Ka koma wurin wata rana kai kaɗai, ba tare da dillali ba, ka gaisa da masu noma da maƙwabta, ka tambayi gonar wa ce, wa ya taɓa saye, ko akwai shari'a. Dillali la'adarsa yake nema, kuma ba ta fitowa sai an yi ciniki.

Ƙasar kanta ma a duba ta. A je da damina, a watan Agusta ko Satumba, don filin da ke da kyau a watan Fabrairu na iya zama fadama ko hanyar ruwa. Babban layin wuta mai 330kV yana da haramin mita 50, wato 25 kowane gefe; mai 132kV mita 30. Babbar hanyar gwamnatin tarayya tana da mita 45.72 daga tsakiyarta zuwa kowane gefe. Abin da aka gina a cikin waɗannan rusau ne, ko wa ya sa hannu a takarda. Ka tabbata kuma hanyar shiga fulotin tana cikin taswira, ba gonar wani ba ce da zai katange gobe.

Wajen biya, kada a ba da tsabar kuɗi. A tura ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan takardar fili, a rubuta lambar fuloti a bayanin turawa. Asusun ma'aikaciyar talla, ko na "ɗan'uwan oga", ba wurin biya ba ne. A raba kuɗin: kaso na ƙarshe sai an tsayar da kai a kan fulotinka, an kafa duwatsu a gaban safiyonka, an sa hannu a takardar sayarwa da lauyanka ya rubuta, mai ɗauke da lambobin kusurwa, da shaidu daga ɓangare biyu. Ana yawan ba mutane takardar wakilci a ce ta wadatar. Takardar wakilci izini ne na yin abu a madadin mai fili, ita kaɗai ba ta mayar da mallaka hannunka. Sashe na 22 na dokar 1978 ya ce sai da amincewar gwamna ake mayar da fili mai takardar gwamna ga wani, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa haka banza ne. Don haka a biya kuɗin hatimi, a nemi amincewar, a yi rajista. Idan mutum biyu suka sayi fili ɗaya daga hannu ɗaya, wanda ya yi rajista ba tare da sanin cinikin ɗayan ba shi ke da rinjaye, ko da shi ya zo daga baya.

Da an gama, a kewaye wurin ko da layi uku ne na bulo, a samu mai noma shi ko mai leƙa shi, a nemi izinin gini daga hukumar raya birane ta jihar kafin a tona fandisho. Filin da aka bari shekara biyu ba alama shi ake sake sayarwa.

Wanda kuma ya riga ya fara zubi ya ga alamun nan, ya dakatar da biya, ya rubuta wa kamfani takarda yana neman a nuna masa fulotinsa da kwafin takardar mallaka cikin wa'adi, ya ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Ya tattara rasit, bayanan banki, hotunan talla da saƙonnin WhatsApp kafin a goge su. Ya nemo sauran waɗanda suka saya, don ƙorafin mutum ashirin da lauya ɗaya ya fi na mutum ɗaya nauyi a gaban EFCC ko 'yan sanda. Idan aka zo da tayin "za mu canza maka da wani fili a sabon estet ɗinmu", kada ya mayar da takardunsa na asali, kada ya sa hannu a sabon fom, sai safiyonsa ya ɗauki lambobin sabon wurin an kai su NAGIS an ga abin da fayil ya ce.