Sharhi: Sifikar Pioneer TS-A1670F a ƙofar Corolla

Mafi yawan Corolla 'yan Kwatano ƙirar 2003 zuwa 2008 suna yawo ne da sifikar da suka fito da ita daga kamfani: faifan takarda, ƙaramin maganaɗisu, ga zoben bakinta da zafi da ƙura suka riga suka cinye. Shi ya sa da an ɗan ƙara murya sai ka ji tana kakari. Na cire ta na sa Pioneer TS-A1670F mai inci 6.5 a ƙofofin gaba, kuma hukuncina shi ne ta cancanci kuɗinta, amma da sharaɗin a gyara ƙofar da za ta zauna a ciki.

A jikin kwalin an rubuta wat 320 da manyan lambobi. Kada wannan ya ɗauke maka hankali. Lambar da ke aiki ita ce RMS, wato ƙarfin da sifika ke iya ɗauka ba tsayawa, kuma nata wat 70 ne a om 4 (om shi ne ma'aunin tirjiyar sifika ga wuta). Rediyon mota kuwa, ko da an rubuta 50W x 4 a goshinsa, abin da yake bayarwa na gaskiya bai wuce wat 14 zuwa 22 ga kowace sifika ba. Saboda haka wanda ya saya don neman duma mai girgiza kujera zai ji kamar an cuce shi. Abin da ke canzawa nan take shi ne tsabtar murya. Mai karanta labarai yana fitowa tas, kalangu da kuntigi kowanne da gurbinsa, ba sa cakuɗewa kamar da, kuma siririn sauti ya daina shaƙewa.

Ɗaurawa ita ce inda ake yin ɓarna. Tsohuwar sifikar da ribit aka kafe ta, ba da sukuru ba, don haka sai an huda kawunansu da inji mai bakin kusan milimita 5. Kafin nan a cire wayar batir ta nagatif, a zare sukurorin hannun ƙofa, a ɓalle murfin cikin ƙofar da abin roba. Sukurdireba yana karya kilif, kilif ɗaya da ya karye kuma zai dinga ƙara duk lokacin da aka shiga gargada. Sabuwar ba za ta hau tsoffin ramuka ba, tana bukatar zoben zama. Akwai na roba da ake sayarwa musamman don Toyota, kuma shi na fi so. Wasu masu wayarin suna yanka katakon MDF su yi, sai dai cikin ƙofa ruwa na bi duk damina da duk wankin mota, katakon ya kumbura, sifikar ta saki. In dole sai katako, a shafe shi da fenti ciki da baya. Kafin a mayar da murfi a sauke gilashi har ƙasa, a tabbata bai taɓa bayan maganaɗisun ba.

Sai batun waya, wanda a ganina ya fi komai muhimmanci. Idan aka juya fosatif da nagatif a ƙofa ɗaya, faifan hagu na turowa waje na dama na ja ciki, dumar ɗaya ta kashe ta ɗaya. Mutum ya kashe kuɗi ya ji sauti ya fi na da rama. Gwajin ba wuya: a mayar da balans, wato saitin rediyo mai raba sauti tsakanin hagu da dama, gefe ɗaya kacal. In duma ta ƙaru, sannan ta ragu da aka dawo tsakiya, an juya waya. Haka nan batirin tocila mai bolt 1.5 yana nuna kan sifika: a taɓa shi na ɗan lokaci, in faifan ya turo waje, wayar da ke kan fosatif ɗin batirin ita ce fosatif. A haɗa da soket ɗin da aka yi don Toyota, ko a like da dalma. Murɗe waya a naɗe da salatif ba ya jure zafin cikin ƙofa.

Ƙarfen ƙofar Corolla siriri ne, ƙwanƙwasa shi ka ji yana amsawa kamar garwa. Shimfiɗar butil, wata roba mai ɗanko da ake liƙawa a jikin ƙarfe don kashe amsawarsa, mai kaurin milimita 2 ita ce maganinsa. Ba sai an rufe ko'ina ba. Kashi ɗaya cikin huɗu zuwa rabin faɗin ƙarfen ya isa, musamman daidai bayan sifikar. A goge maiƙo da ƙura tukuna, a danne ta sosai, kada a toshe ramukan fitar ruwa na ƙasan ƙofa. A guji mai kwalta da ake like rufin kwano da ita. A zafin Afrilu, mota a rana gilashi a rufe, narkewa take yi, ta zame, ta cika mota da wari. A ƙara zoben soso tsakanin sifika da murfin ƙofa don sautin ya fito cikin mota, kada ya ɓace a bayan roba. Rabin gyaran da na ji daga wannan aikin ya fito.

Inda ba ta gamsar ba dabi'ar irin wannan sifika ce: mai fitar da siririn sautin a tsakiyarta take, ƙofa kuma tana ƙasa, don haka muryar daga wajen gwiwa take tasowa. Mai son jin mawaƙi a gaban fuskarsa ya nemi mai rabe biyu, wadda ake ɗora ƙaramar a saman dashbod.

Saiti ma na kashe sifika. Ƙure bas, wato duma, da kunna loudness, maɓallin ƙara wa sauti kauri, a rediyo mai wat 20 yana sa sautin ya tsage, har zaren cikin sifikar na iya yin zafi ya ƙone. In rediyon na da HPF, wato saitin da ke tare duma mai zurfi kada ta isa sifika, a sa shi a 80 Hz, a bar bas kusa da sifili, a ɗan turo feda, saitin raba sauti tsakanin sifikun gaba da na baya, zuwa gaba. Waƙar da aka matse zuwa 128 kbps ko aka biyo da ita ta ɗan na'urar FM ta wurin kunna sigari za ta fi nuna aibinta yanzu. Kebul ko USB ya fi.

A lura da jabu, sun cika kasuwa. Ɗauki ka ji nauyin maganaɗisun, ka duba tsabtar rubutun kwali, farashin da ya yi araha fiye da kima kuma abin tuhuma ne. Wanda yake son ta nuna ƙarfinta duka ya ƙara amfilifaya mai tasha huɗu, wat 50 zuwa 75 RMS kowace, da wayar wuta ta jan ƙarfe zalla mai kauri lamba 8, da fis ɗin da bai wuce santimita 45 daga batir ba.