Gargaɗi ga mutanen Kano: mai tallan gilashin AR ɗin nan ɗan damfara ne, ya cinye min ₦185,000

Assalamu alaikum. Akwai wani mutum da yake tallan gilashin AR a Facebook da TikTok, irin wanda ake zura waya a ciki a ɗaura a ka, yana cewa shagonsa yana Farm Centre, kasuwar wayoyi. Ƙarya yake yi. Ba shi da shago, ba shi da ko teburi a kasuwar nan. Ya karɓi ₦185,000 a hannuna ya turo min robobi, yanzu layinsa a kashe. Naira dubu ɗari da tamanin da biyar. Ina rubutun nan raina a ɓace, ku yi haƙuri in magana ta hau kan wata.

Ni malami ne, ina koyar da bayoloji, da yamma kuma ina yi wa masu shirin WAEC da NECO lesin a Gyaɗi-Gyaɗi. Duk wanda ya taɓa zana zuciyar ɗan Adam a allo da alli, yana ƙoƙarin nuna wa yaro ta inda jini yake shiga da inda yake fita, ya san abin da ya sa na so wannan na'ura. Ba wasa na je saya ba, ba kuma burga ba.

Kuma tun kafin masu zuwa su ce “ai kai ma Malam da ganganci” su fara, ku tsaya ku ji. Na san abin nan tun kafin in san mutumin. Na san bambancin VR da AR. VR rufe maka ido yake yi ruf, ba ka ganin komai sai abin da ke fuskar waya. AR kuwa kana ganin ɗakin da kake ciki, kana ganin hannunka da mutanen da ke gabanka, sai a ɗora hoton a kansu. Irin mai arhar, wayar tana zama ta saman goshi, haskenta ya bugi wani gilashi mai lanƙwasa da ake gani ta cikinsa, ya dawo idonka. Ba mutumin nan ne ya ƙirƙire shi ba, akwai shi a duniya. Wani kamfani a Amurka mai suna Mira ya fitar da nasa, Prism, a 2017 kan dala 99, daga baya Apple ya saye kamfanin a 2023. Lenovo ma ya yi nasa a 2017. To abin da aka sayar dala 99 tun wancan lokacin, in yau aka ce maka ga ɗan Chaina kan ₦32,000, ina abin mamaki? Da ya ce min Vision Pro na Apple ne, mai dala 3,499, zai ba ni a wannan farashin, da ko amsa ba zai samu ba.

Kuma na gani da idona. Wannan shi ne abin da ke ƙona min rai. Ba a hoto na gani ba, ba a bidiyo ba. Na ce sai na gani, ya ce ba matsala, mu haɗu a Zoo Road, wai ya fito kai wa wani kaya, ba sai na wahala zuwa shago ba. Ya zo da shadda fara ƙal da hula zanna, ga turare. Ya ciro abin daga jaka, ya zura wayarsa, ya ɗaura min da hannunsa, har yana gyara min igiyar ta baya. Ya ce, “Malam, miƙo tafin hannunka.” Ya ɗora min wani ɗan kati. Wallahi tallahi na ga zuciya a kan tafin hannuna tana bugawa. Ina ganin masu adaidaita suna wucewa ta bayanta. Na juya katin, ta juya. Na matso da shi, na ga jijiyoyin. A lokacin ba shi nake gani ba, yaran ajina nake gani.

Sai ya ce, “Malam, ni ma ɗan malami ne, da albashin koyarwa aka rene ni. Ba zan ci kuɗin malamin makaranta ba.” Wannan maganar ita ce take ta dawo min, ko sallah na tayar sai ta faɗo min. Ba zan ci kuɗin malamin makaranta ba. Ya faɗa yana kallon tsakiyar idona. Aka kira la'asar muka shiga masallaci tare, sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Ku gaya min, wane ne a cikinku zai yi zaton wanda ya yi masa haka zai cuce shi?

Guda biyar na ce, ₦32,000 kowanne, ₦160,000 ke nan. Na ce ya sayar min da na hannunsa, ya ce wannan na gwaji ne, da shi yake nuna wa kwastomomi, sauran suna Legas sun iso. Na tura ₦100,000 kafin alƙalami. A'a, kafin nan ma sai da na nemi ganin katin shaidarsa, ya turo hoto, da bidiyon wani shago cike da kwalaye. Sunan da ke asusun ya bambanta da na katin, na tambaya, na tambaya fa, ya ce na ƙaninsa ne da suke kasuwancin tare. Rabin ’yan kasuwar garin nan da asusun ƙani ko na yaron shago suke karɓar kuɗi, kowa ya sani. Sai ₦60,000 cikon. Sai kuma ya kira da daddare wai an riƙe kaya a hanya, sai an ba da ₦25,000 na webil da sallamar ma'aikata, in ba haka ba motar za ta taso ba su. ₦100,000, ₦60,000, ₦25,000. Ku haɗa. ₦185,000. Dubu ɗarin farkon ma ba nawa ba ne, kwasar adashin uwargida ce, ta ba ni ta ce in an fara samu na mayar.

Kayan sun zo, shi ya sa ma ban farga da wuri ba. Wani direba ya kira ni na je Unguwa Uku na karɓi kwali an naɗe shi da salatif. Ban buɗe a tasha ba, na kai gida, don na riga na yi wa yara alkawari a gabansu za a buɗe. A gabansu kuwa na buɗe. Robobin VR ne guda biyar, irin baƙi da farin nan masu ruwan tabarau biyu, ɗaya ma a fashe. Babu gilashin da ake gani ta ciki, babu kati, babu komai. Wannan ai jikan Cardboard ne, na kwalin nan da Google ya fitar a 2014, wanda shi kansa Google ɗin ya daina sayarwa tun 2021. Wata yarinya ta ɗauka ta kara a ido ta ce, “Malam, ni duhu kawai nake gani.” Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Na manta ban faɗa ba, tun a Zoo Road na tambaye shi ko zai yi a kowace waya, ya ce kowace iri, har ƙaramar Itel. Wannan ma ƙarya ce. Sai wayar tana da jairoskof, abin da ke gane juyawar kai, kuma manhajojin AR na Android da yawa suna neman ARCore, wato tsarin Google da ke sa AR ya yi aiki a waya, wanda Google yake da jerin wayoyin da ke ɗaukarsa. Wayoyi masu arha da yawa ba sa ciki. Tawa tana ciki, na duba tun a gida, shi ya sa ban tsaya ja da shi a kan wannan ba.

Da na kira ya ɗauka, ya ce kuskuren yaran Legas ne, za a canza, in yi haƙuri. Washegari ya ce yana Kaduna wajen rasuwa. Daga nan ya toshe ni a WhatsApp, ya goge tallan, ya sauya sunan shafin. Na ɗauki roba ɗaya na shiga Farm Centre layi-layi ina nuna hotonsa, ba wanda ya san shi. Wani dattijo mai gyaran waya, Allah ya saka masa da alheri, ya juya robar ya ce, “Malam, wannan ai ko kuɗin ɗaya daga cikin biyar ɗin da ka biya ya isa ya saya maka dukkansu.” Bidiyon shagon da ya turo min kuwa na wani bawan Allah ne mai sayar da caja da iyafis, bai ma san an ɗauka ba.

₦185,000. Allah ya isa tsakanina da kai, ban yafe ba.

Na kai ƙorafi banki, na kuma shigar da ƙara wajen ’yan sanda. Hotunan hirarmu, risit ɗin tiransifa uku da muryoyin da ya turo duk suna nan, zan ɗora su in na gama rufe lambobin asusuna.

In za ku saya, ku je shago, ku gwada da wayarku, ku biya wanda ke hannunku ku tafi da shi. Kada ku tura ko sisi kan kayan da “suna Legas”. Wanda kuma mutumin nan ya taɓa yi wa haka a Kano, ya yi min magana ta akwatin saƙo, mu haɗa shaidu mu kai tare.