Hattara da mai saka "hon ɗin jirgin ƙasa" da ke yawo a Sakkwato

Assalamu alaikum. Saƙon nan na 'yan'uwana ne masu akori-kura da ke lodi tsakanin kasuwar Kara da ƙauyuka, da duk wanda zuciyarsa ta taɓa raya masa ya saka wa motarsa hon irin na tirela. Akwai wani mutum da ke yawo cikin gari da kwalaye a bayan mota, yana tallar abin da yake kira hon ɗin jirgin ƙasa. Ni dai ya ci naira dubu 185 a hannuna, ya kuma kusa ƙona mini mota. Da farko kunya ta hana ni magana, sai da na ji ya sake yi wa wani bawan Allah a wajen Kwannawa na ga shirun ya zama zalunci.

Albasa nake ɗaukowa da Hilux daga yankin Gwadabawa zuwa cikin gari. Wanda ya san hanyar Illela ranar kasuwa ya san abin da nake nufi: garken shanu a tsakiyar kwalta, raƙumi ya gitta ba ruwansa, ɗan kabu-kabu ya faɗo maka daga kwana ba ko waiwaye. Ka danna odar kamfani, ka ji ta kamar kukan ɗan tsako. Direban tirela kuwa ko sanin kana bayansa bai yi ba. Shi ya sa da na ga bidiyon mutumin nan a Facebook, ya danna abu tsuntsaye sun watse daga bishiya, ban yi wata-wata ba na kira lambar.

Ba shi da shago. Wannan kaɗai ya isa ya farkar da ni, amma ya ce shagonsa na Kano, kwangila ce ta kawo shi Sakkwato, kwana uku zai yi ya koma. A gindin wata dalbejiya muka haɗu. Ya danna na motarsa, wallahi sai da na ji ƙarar a ƙirjina. Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, wanga ko kurma sai ya waiwayo." Ya fito da kwali fes, an rubuta 300dB, wato desibel 300 a ma'aunin ƙarfin sauti, da jan rubutu ɓaro-ɓaro, ga ƙahoni huɗu na ƙyalli, ga tanki baƙi, ga kwamfuresa. Ya ce dubu 220 ne amma ya yi mini ragi saboda furfurata. Na tura kuɗin cikin wani asusu da sunan da ke kai ba nasa ba ne, ya ce na ƙanensa ne. Rasit kuma "sai an gama aiki".

Awa ɗaya da 'yan mintoci ya gama, shi da yaronsa. Ya ce in danna. Na danna, unguwa ta amsa. Na sake dannawa, ta sake amsawa. Sai ya riƙe mini hannu: "A'a Alhaji, isa haka nan. Yau kada ka matsa mishi, bari gam ɗin tiyo ya bushe, gobe ka yi yadda kake so." Na yi godiya har da ƙara wa yaron na shayi.

Washegari na kama hanya da sassafe. Kafin Kware na danna sau uku ko huɗu, kowane dannawa ƙarar na raguwa, har ta koma kamar akuya mai mura. Daga nan sai huci kawai. Ban kai ga tunanin abin da ke faruwa ba sai na ji warin roba na ƙonewa, hayaƙi na fitowa ta ƙarƙashin sitiyari. Allah ya taimake ni ina da sifana a aljihun ƙofa, na tsaya na kwance kan batir. Na kira lambarsa, a kashe. Har yau a kashe take, shafin da na ga bidiyon ma ya yi ɓatan dabo.

Rewayan da ke yi mini aiki shekara da shekaru, wanda na tsallake don kada ya ce in bari, shi ya kwance kayan ɗaya bayan ɗaya ya jera su a kan buhu. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Farcensa kawai ya sa ya ɓamɓare wata 'yar takarda a jikin kwamfuresan mai ɗauke da 12V, wato wutar bolt 12. A ƙarƙashinta ga ainihin rubutun kamfani: 24V. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, na babbar mota ne, kuma ya sha aiki."

Ga yadda dabarar take, don nan ne ya kamata kowa ya buɗe kunne. Hon mai iska na gaskiya ba wuta ce ke yin ƙarar ba, iska ce. Kwamfuresa ke tura iska cikin tanki, in ta kai ma'auninta, galibi tsakanin 110 zuwa 150 a ma'aunin nauyin iska da ake kira PSI, sai wani makunni mai jin nauyin iskar ya kashe kwamfuresan da kansa, in ta ragu ya sake kunna shi. Idan ka danna, wani bawul mai aiki da wuta ne ke buɗewa ya saki iskar cikin ƙahonin. Akori-kura irin tamu wutarta bolt 12 ce, manyan motoci irin su DAF da Howo su ke amfani da 24. Ka ɗora kwamfuresan 24 a kan 12, zai yi ta gurnani yana ɗaukar zafi, ba zai taɓa cika tanki ba. To ina iskar da ta girgiza unguwa ranar farko ta fito? Wurin mai faci ya cika tankin kafin ya zo. Abin da na saya da kuɗina ke nan, iskar mai faci ta 'yan dannawa. Maganar gam kuwa don ya samu ya yi nisa ne kafin ta ƙare.

Sauran ɓarnar ta fi wannan muni. Babu makunnin da ke kashe kwamfuresa, kai tsaye ya jona shi da layin makulli, muddin mota na kunne yana aiki. Babu rile, wato ɗan makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa don ya saki babbar wuta. Irin wannan kaya jan wutarsa kan kai amfiya 20 ko fiye, don haka ana ja masa waya mai kauri daga batir, a sa masa fis nasa kusa da batir ɗin, sannan rile ya zama shi ke ɗaukar nauyin. Shi siririyar waya ya lalubo a ƙarƙashin dashbod ya ɗora a kai. Da ya san fis zai tsinke ya tona masa asiri, sai ya cire shi ya naɗa silin waya a gurbinsa. Fis da ma don ya mutu a madadin mota aka yi shi. Da aka cire shi sai wayoyin suka karɓi wutar. Tankin kuma tsohon na wata babbar mota ne aka shafe da baƙin fenti, da aka kwance shi ruwan tsatsa ne ya zubo. Ƙahonin nan masu ƙyalli, roba ce.

Shi ma 300dB ɗin ƙarya ce tsirara, ɗana da ke jami'a ya yi ta yi mini dariya a kai. Sauti a cikin iskar da muke shaƙa ba ya wuce kusan desibel 194, daga nan ya tashi daga sauti ya zama bugun fashewa. Jirgin ƙasan da ake kiran sunansa ma, a dokar Amurka hon ɗinsa tsakanin desibel 96 ne zuwa 110 idan aka auna daga nisan ƙafa 100. Duk kwalin da ka gani da 300, mai shi ya riga ya faɗa maka ko shi wane ne.

Gyaran wayoyi ya ci mini wata dubu 60, ga kwana huɗu mota na ajiye ana tsakiyar kakar albasa. Na kai ƙara ofishin 'yan sanda da shaidar tura kuɗin, na kuma sanar da banki. Ban sa rai da dawowar ko sisi ba, amma in rahoto ya taru a kan asusu guda, wata rana zai yi amfani. Wanda aka yi wa irin wannan ya daure ya je, kada kunya ta riƙe shi yadda ta riƙe ni.

In har sai ka saka, je da rewayanka, shi zai karanta abin da aka buga a jikin ƙarfen, kada a tsaya ga takardar da aka manna. Ka sa a sace iskar tankin gaba ɗaya a gabanka, ka tsaya ka ga kwamfuresan ya cika shi daga babu, ka ji ya mutu da kansa. 'Yan mintoci ne. Wanda ya ƙi yarda da wannan gwajin, ko ya fara kawo maka zancen gam da sauri zai kama hanya, mayar da kuɗinka aljihu. Kuma a bar maka odar kamfani tana aiki a kan nata layin.

Wani abu kuma da sai da na zauna na huce na gane shi. Da kayan nan sun yi aiki, ni ne zan riƙa firgita tsofaffi a kan babur, in razana raƙumi ya yi kan mutane, ko in saki wannan tsawa a ƙofar asibitin koyarwa. Ranar gwajin ma na ga wata yarinya mai tallar fura ta toshe kunne ta ruga, ni kuwa ina washe baki. Jami'an kiyaye haɗurra ma in suka tare ni a kai, ba ni da bakin magana.

Rewayan ya saka mini hon na wuta guda biyu, da rile da fis ɗinsu, kuɗin bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da na zubar ba, kuma shanun hanyar Illela suna ji. In mutumin nan ya zo muku, yana iya sauya mota da lamba da sunan shafi, amma ba zai sauya "bari gam ya bushe" ba. Ku riƙe shi ku kira hukuma, don Allah ban da duka. Tankin da kwamfuresan suna nan na ajiye a matsayin shaida, takardar 12V ɗin ma na manna ta a jikin gilashin motata.