Haruffan roba ko na laka: wanne za a ba yaro?

Tun da aka koma lakwal, iyaye mata a nan Damagaram ke ta tambayata: a sayo wa yaro haruffan roba a kasuwar Dole, ko a bar shi ya mulmula nasa da laka?

Ta fannin kuɗi babu gardama, laka kyauta ce. Na roba kuwa sai an kwance bakin zane.

Sauƙi yana wajen roba. A zube su bisa tabarma, a ce "ɗauko mini farkon sunanka", wasa ya kankama. Sai dai yawancinsu na Faransanci ne, guda 26, babu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Yaro zai nemi farkon "ƙosai" ya rasa. In ƙanana ne kuma, ƙanensa mai rarrafe na iya kai su baki.

Laka akwai ɓata riga, ga saurin karyewa. Amma yaron da ya lanƙwasa b da yatsunsa ba kasafai yake rikita ta da d ba, ni dai haka na gani.

Uwar da aiki ya yi wa yawa, roba ta fi mata. Mai sararin zama da ɗanta bayan la'asar, ta ɗebo laka.