Gawi ko gidan tarihi na Njamena? Ki kai su Gawi

Ƙanwata, kin tambaye ni ko garin Gawi za ki kai baƙinki ko gidan tarihi na ƙasa da ke Njamena. Tunda yini ɗaya tak baƙin naki na Kano suke da shi, kada ki raba musu shi gida biyu. Ki kai su Gawi.

Garin bai fi kilomita 10 daga Njamena ba, ta arewa maso gabas. Na Kotoko ne, waɗanda ke danganta kansu da mutanen Sao, tsohuwar al'ummar yankin Tafkin Cadi, su ɗin nan da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Cadi ta ɗauki sunansu. Tsohuwar fadar sarkin garin ce aka mayar gidan tarihi, ginin laka mai bene, ƙofofinsa sai kin sunkuya. Bakano yana shiga zai tuna Gidan Makama. A ciki akwai kayan yumɓu na Sao da manyan tukwane, kuma mai yi muku jagora zai ba su labarin yadda Sao ke binne mamatansu a cikin irin waɗannan tukwanen. Abin da ya sa na fifita Gawi shi ne, da kun fito daga fadar za ku tarar sana'ar tana nan da ranta. Mata na zaune a ƙofar gida suna ginin tukwane da hannu, bangayen gidajen kuma sun sha zane da jar ƙasa da farar ƙasa.

Randar da ke tsakar gidana a can na saye ta, hannun wata dattijuwa. Na nuna wadda ta fi ado, ta girgiza kai, ta jawo wata daga baya. Ta ƙwanƙwasa ta farkon da bayan yatsa, sautin ya fito a dakushe. Ta ƙwanƙwasa ta biyun, sai ta amsa tangararau. Ta ce da ni cikin Larabcin Cadi in ɗauki wannan, ta fi gasuwa. Kuɗin ɗaya ne, ba ta ƙara min ko sisi ba. Allah Ya saka mata da alheri. A tsakiyar zafin Afrilu, ko an ɗauke wuta firji ya zama akwati, ruwan randar nan da sanyinsa, ga ƙanshin ƙasa. Yarana ba sa shan na ko'ina sai nata.

Gidan tarihi na ƙasa kuwa, ba zan ce ba shi da komai ba. Tun 1962 aka kafa shi, kuma a nan ake ganin kwafin ƙoƙon kan Tumai, wata tsohuwar halitta mai kama da ɗan Adam, da aka tsinta a hamadar Jurab a 2001, wanda masana suka ce ya kai shekara miliyan 7. Akwai ganguna da makamai na da. Amma kallo ne ta bayan gilashi, bayanin kuma wanda bai iya Faransanci ba zai sha wuya. Ya fi dacewa da ɗalibai.

Ga abin da ba ki tambaya ba amma dole in faɗa. A wuraren da ake sayar wa baƙi kayan tsaraba, za a iya jawo baƙinki gefe a buɗe musu tsumma, a nuna musu ɗan kan mutum-mutumi a ce na Sao ne, haƙo shi aka yi. Kada su saya. Yawancinsu sabon gashi ne aka turmuɗa a ƙasa don ya yi kama da tsoho. In kuma na gaske ne, to kayan tarihin ƙasa ne, fita da shi rigima ce a bakin iyaka, kuma ba na son a ce da hannunmu aka kwashe gadon mutane. Haka masu kai tulu mai tsaga kasuwa, su shafe tsagar da laka. Ki ƙwanƙwasa, ki sa a zuba ruwa a gabanki. Ɗan tsatsafowa a jikin sabon tulu ba aibi ba ne, shi ke sanyaya ruwan, amma ɗiga daga wuri ɗaya tsaga ce. Kuɗin kuma ki damƙa shi hannun maginiyar, ban da dillali.

Ku yi sammako kafin rana ta buɗe, ki riƙe canjin sefa, a nemi izini kafin a ɗauki hoton matan. In damina ce ki fara tambayar direba halin hanya. Tsarabar Kano kuma ƙananan tuluna da kaskon turaren wuta za su saya, a naɗe su cikin zani, don randa ba za ta jure doguwar tafiyar mota ba.