Mazubin Lee na alminiyam: mai araha ne, amma yana son a bi shi a hankali

A Amurka, masu wasan harbi da ƙananan bindigogi suna da daɗaɗɗiyar al'ada ta tattara kwanson harsashin da suka harba su sake cika shi a gida, kuma dokar tarayya ta yarje wa mutum ya yi haka don amfanin kansa, amma in zai sayar to sai da lasisi. Wasu ba su tsaya nan ba, har kan harsashin ma su suke zuba shi da narkakkiyar dalma. Wannan magana ce ta can, domin a Najeriya dokar makamai ta 1959 ta haramta ƙera harsashi ba tare da izinin hukuma ba. Kayan aikin da nake son in yi bayani a kansa shi ne mazubi mai rami biyu na kamfanin Lee Precision da ke garin Hartford a jihar Wisconsin, musamman samfurin 358-158-RF, wanda ke fitar da kan harsashi mai faɗin baki, mai nauyin giren 158, wato giram goma da 'yan kai, irin wanda ake amfani da shi a libarba mai cin harsashin .38 Special.

Richard Lee ya fara kasuwancinsa ne a 1958 da wani ɗan ƙaramin kayan cika harsashi na hannu, kuma tun daga lokacin kamfanin ya yi suna wajen sauƙaƙa farashi ga mai ƙaramin ƙarfi. Mazubin nan ya bi wannan sawu. Ɓangarori biyu ne na alminiyam da ke haɗuwa su bar ramuka biyu a tsakiya, da wani faifan ƙarfe a sama mai huda biyu inda dalma ke shiga, wanda kuma shi ne ke yanke wutsiyar dalmar bayan ta daskare. Yana zuwa da mariƙinsa na katako a haɗe, alhali mazuban baƙin ƙarfe na kamfanonin Lyman ko RCBS sai mutum ya sayi mariƙi daban, kuma duk da haka kuɗinsa bai kai rabin nasu ba.

Inda nake ganin ya kamata mai saye ya fi mayar da hankali shi ne shirya mazubin kafin zubin farko, domin a nan ne mafi yawan sababbin shiga suke yanke masa hukuncin da bai cancanta ba. Kowane sabon mazubi, ko na wane kamfani ne, yana fitowa daga masana'anta da ragowar man da aka yi amfani da shi wajen sassaƙa ramukansa, kuma ko da ido bai gan shi ba, da zarar dalma mai zafi ta taɓa shi sai ya yi hayaƙi ya hana ta cika kusurwoyi. Abin da zai faɗo shi ne kan harsashi mai tamoji a jiki, gefunansa a dunƙule maimakon su fito da kaifi. Maganin wannan shi ne ruwan zafi da sabulun wanke kwanuka da tsohon buroshin haƙori, a goge ramukan da fuskokin da ke haɗuwa sosai, sannan a bar shi ya bushe ƙarau. Buroshin waya bai dace da shi ba ko kusa, saboda alminiyam yana da taushi, kuma duk ƙarzar da aka yi a cikin rami za ta riƙa fitowa a jikin kowane harsashi har ƙarshen rayuwar mazubin.

Bayan wanki, takardar bayanin kamfanin ta ba da shawarar a kanga ramukan a kan harshen wutar ashana har su yi ɗan baƙi-baƙi na hayaƙi, domin hakan na taimaka wa harsashi ya saki jikin mazubin. Masu sana'ar sun rabu a kan wannan, wasu na cewa mazubin da aka wanke da kyau ba ya buƙatar hayaƙi. Ni dai ina tare da kamfanin a kwanakin farko, da sharaɗin kada a yi amfani da kyandir, tunda hayaƙinsa na ɗauke da maiƙo, wato abin da aka sha wahala aka wanke. Sai kuma a ɗan shafa kakin zuma a ƙusar da faifan sama ke juyawa a kanta da kuma ƙusoshin da ke daidaita ɓangarorin biyu, kaɗan ƙwarai, domin in ya yi yawa zai narke ya gangara cikin ramuka a koma gidan jiya.

Zafi shi ne sauran aikin. Zallar dalma tana narkewa a digiri 327 a ma'aunin Selsiyos, amma zubi yakan yi kyau ne tsakanin 350 da 400, kuma ba dalmar kaɗai ce ke buƙatar zafi ba, shi ma mazubin sai ya ɗauka. Kamar tandar waina ce, wadda zubin farko ba ya tashi da kyau sai ta yi zafi ko'ina. A nan alminiyam ya nuna fifikonsa: in aka ɗora mazubin a bakin tukunyar narki yayin da dalma ke narkewa, ko aka ɗan tsoma kusurwarsa a ciki, cikin ƙanƙanin lokaci zai fara fitar da harsashi mai sumul, alhali na baƙin ƙarfe yakan ɗauki lokaci mai tsawo kafin ya kai haka. Sai dai yadda yake saurin ɗaukar zafi haka yake saurin sakinsa, don haka yana buƙatar hannu mai tafiya bai ɗaya. In mutum ya tsaya duba abin da ya zuba, mazubin zai huce tamoji ya dawo. In ya yi gaggawa fiye da kima, harsashin zai fito da fari-fari mai ɗan kaushi, alamar zafi ya yi yawa. Wannan na biyu ba babbar illa ba ce wajen harbi, amma yana nuna lokaci ya yi da za a ɗan sassauta.

Akwai wani ɗan lokaci da ya kamata ido ya saba da shi. Bayan an cika ramuka, akan bar ɗan gurbin dalma a saman faifan, yana sheƙi kamar madubi, sai a ga ya dushe, tsakiyarsa ta ɗan lotsa ciki yayin da harsashin da ke ƙasa ke janye ragowar. Daga nan ne ake ture faifan. Wanda ya ture shi kafin haka zai shafe dalma mai laushi a saman mazubin, kuma wannan shafe-shafen, tare da gogayyar faifan ƙarfe a kan alminiyam, shi ne ke cinye irin wannan mazubi kafin lokacinsa. Haka nan in harsashi ya maƙale, sandar katako ake sawa a ɗan buga mahaɗar mariƙin, ba jikin mazubin ba, sannan a rufe shi a hankali har ƙusoshin su shiga gurbinsu. Mazubin baƙin ƙarfe yakan jure wa mai garaje, na alminiyam kuwa ba ya jurewa, kuma wannan shi ne ainihin abin da mutum ya sadaukar da ya zaɓi mai araha.

Game da dalmar kanta, zalla ta yi taushi, shi ya sa ake gauraya ta da kuza da antimoni, wani ma'adini da ke ƙara mata tauri. Sanannen haɗin nan na Lyman mai lamba 2 kashi 90 ne dalma, 5 kuza, 5 antimoni, kuma kuzar ce ke sa narki ya kwanta ya cika kusurwoyi. A da masu zubi sun dogara da 'yan nauyin da ake maƙala wa ƙafar mota don daidaita ta, amma yanzu da yawansu na tutiya ne ko ƙarfe, kuma tutiya in ta narke cikin tukunya takan ɓata narkin ya yi gudaji. Kilo guda na dalma yana ba da kan harsashi sama da casa'in na wannan samfuri, kuma daga nan ne rangwamen da masu yawan harbi ke nema yake fitowa.

Ba zan wuce batun guba ba, domin mai karanta Hausa ya san abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, lokacin da ƙurar dutsen zinariya mai dalma da ake niƙawa a cikin gidaje a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ta hallaka yara aƙalla 400. Hanyar da ta bi ta shiga jikinsu ita ce hanyar da za ta bi a wurin zubi: ƙura a hannu, a tufafi, a ƙasa, daga nan zuwa baki. Saboda haka wannan aiki na waje ne ko wuri mai iska sosai, nesa da ɗakin girki da inda yara ke wasa, ba ci ba sha a wurin, a kuma wanke hannu a canza kaya kafin a shiga cikin iyali. Dattin da ake yaɗewa daga saman narki ya fi komai ƙura, a rufe shi a gwangwani. Tabaran kariya da safar hannu ta fata wajibi ne, kuma ɗigon ruwa guda da ya shiga ƙarƙashin narkakkiyar dalma ya isa ya watsa ta ko'ina, don haka duk abin da za a saka a tukunya sai ya bushe. Mai yin zubi a kai a kai ya dace ya riƙa zuwa gwajin jini.

Ga wanda yake zaune inda doka ta yarda, yake kuma son ya gwada zubi ba tare da ya kashe kuɗi masu yawa ba, ina ba da shawarar wannan mazubi ba tare da wata tantama ba. Ba ya tsatsa, don haka ba sai an shafe shi da mai bayan aiki an sake wankewa kafin na gaba ba, kuma rashin nauyinsa na hutar da wuyan hannu in zama ya yi tsawo. Wanda yake harbi da yawa zai fi jin daɗin ɗan'uwansa mai rami shida, ko da yake shi mariƙinsa daban ake saya. Wanda kuma ya riga ya tsayar da irin harsashin da zai riƙa zubawa shekara da shekaru, gara ya ƙara kuɗi ya sayi na baƙin ƙarfe, ya tanadi mai da busasshen wurin da zai riƙa ajiye shi saboda tsatsa.