Sharhi Kan Na'urar dbx 286s Bayan Watanni Ina Naɗar Murya da Ita

Abin da ya sa na nemi wannan na'ura mai ƙarfafa murya da gyara ta shi ne makirufon da nake aiki da shi, Shure SM7B, wanda yake cikin jinsin dayinamik, wato makirufon da ba ya buƙatar a ba shi wuta kafin ya yi aiki, kuma siginar da yake fitarwa tana da rauni ƙwarai, har takan buƙaci ƙarin ƙarfi na kusan desibel 60 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) kafin muryar mai magana a natse ta kai matsayin da ya dace. A da, ƙaramin akwatin da ke haɗa makirufo da kwamfuta shi ne ke yi mini wannan aiki, sai na murɗa shi har ƙarshe, ga kuma wata 'yar shuuu da ke biyo muryar a duk inda na yi shiru. A shirin da aka naɗa ana iya zama a goge ta daga baya, amma a shirin kai tsaye abin da ya fita ya fita.

Ita dbx 286s na'ura ce mai tasha ɗaya, wato makirufo ɗaya take ɗauka, kuma murya tana ratsa ta mataki bayan mataki daga hagu zuwa dama. Matakin farko shi ne mai ƙarfafa sigina, wanda yake kaiwa desibel 60, tare da maɓallin wutar bolt 48 domin makirufon kondensa, wato jinsin da sai an ba shi wuta yake aiki, da wani maɓallin da ke rage duk ƙara mai kauri da take ƙasa da Hz 80 (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne), irin gurnanin da ke tasowa idan an taɓa tebur ko mota ta wuce. A wannan mataki ban sami abin zargi ba. Muryar ta fito da ƙarfinta, shuuu ɗin kuma ta ragu har sai na sa na'urar kunne na kasa kunne sosai kafin in ji ta. Sharaɗi guda ne: a kai abin da ya fito daga na'urar ga mashigar layi ta akwatin kwamfuta, wato wadda aka tanada domin siginar da aka riga aka ƙarfafa, domin idan aka kai shi mashigar makirufo, an ƙarfafa sigina sau biyu ke nan, kuma sauti zai fashe.

Inda na fi daɗewa ina koyo shi ne kwamfuresa, wato sashen da ke danne murya idan ta yi sama domin tazarar da ke tsakanin raɗa da ɗaga murya ta ragu. Mamurɗai biyu ne kacal gare shi, ɗaya yana ƙayyade yawan dannewar, ɗayan kuma saurin sakin muryar bayan an danne ta. A makon farko na murɗa su da yawa saboda ina son kaurin muryar nan da ake ji a rediyo, kuma na same shi, sai dai da na saurari abin da na naɗa washegari, na ji numfashina ya yi ƙarfi daidai da kalmomina, ƙarar fankar kwamfuta kuma tana tasowa tsakanin jimla da jimla. Dalilin a fili yake: duk abin da ya danne mai ƙarfi sannan ya ɗaga jimillar sautin, to ya ɗaga marar ƙarfi tare da shi. Tun da na sassauta, na bar fitilun da ke nuna dannewa suna kamawa kaɗan kawai a maganar yau da kullum, muryar ta zauna daram ba tare da ta gajiyar da kunne ba.

Sashen da na fi amfana da shi shi ne ƙofar sauti da ke ƙarshen jerin, wadda ke rage duk abin da bai kai wani ma'auni ba, ta yadda idan na yi shiru ɗakin ma ya yi shiru. Amma a nan mai magana da Hausa yana bukatar lura ta musamman, domin kusan dukkan kalmominmu da wasali suke ƙarewa, kuma murya kan yi ƙasa a ƙarshen jimla. Idan aka tsaurara ƙofar, sai ta rufe kafin wasalin ƙarshe ya gama fita, kalma ta fito a gutsure. Na gwada da jimloli masu ƙarewa da dogon wasali, ina sassauta ma'aunin a hankali har na daina jin yankewar, na tsaya a nan.

Mai rage tsinin haruffa irin su s da sh da ts yana aikinsa, kuma kaɗan ya ishe ni. Idan ya yi yawa sai mutum ya zama kamar mai tsamin baki. Mamurɗan ƙara kauri da haske kuwa kusan a rufe nake barinsu, domin makirufon da kansa yana da kauri idan an matso kusa da shi.

Akwai abin da ya kamata mai niyyar saye ya sani game da duk na'ura irin wannan. Gyaran da take yi yana shiga cikin abin da aka naɗa ne, ba a iya cire shi daga baya kamar yadda ake yi da manhajar kwamfuta, saboda haka nakan danna maɓallin tsallake gyara kafin kowane shiri in kwatanta muryar asali da wadda aka gyara. Haka kuma ba ta maganin amsa-kuwwar ɗaki, domin muddin ana magana ƙofar a buɗe take, kuma sautin da ya dawo daga bango yana shigowa tare da murya. Sai da na rataya labule masu kauri na matso da makirufon kusa da bakina kafin wannan ya ragu.

Ga mai gabatar da shiri kai tsaye shi kaɗai, ina ba da shawarar ta ba tare da shakka ba, domin da zarar an daidaita ta, kowace rana muryar iri ɗaya take fita. Mai hira da baƙi zai bukaci guda ga kowane makirufo, wanda kuma yake naɗa ya gyara daga baya cikin natsuwa zai iya samun mafi yawan wannan aiki a manhaja, muddin yana da mai ƙarfafa sigina mai tsabta.